Darasi na Bakwai: Uwar Kuɗi da Riba a Ƙaramar Sana'a

Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi bayani a kan sana'o'in Hausawa na gargajiya, irin su noma da ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci da fawa, tare da kayan aikin kowace sana'a da sarautunta. Wannan darasi zai dubi wani ɓangare da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato yadda mai ƙaramar sana'a yake riƙe jarinsa har ya yi ƙarko, ya kuma haɓaka. Iya sana'a daban ne, iya riƙon kuɗin sana'a kuma daban. Akan sami maƙerin da babu kamarsa a gari wajen ƙera garma, amma shekara ashirin yana nan da uwar maƙera ɗaya da zugazugi ɗaya, kuma duk wanda ya kawo masa aiki sai ya ba shi kafin alƙalami sannan ya iya sayo ƙarfe.

Batun ya shafi malamin makaranta kai tsaye. Rahoton da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, wato SMEDAN, ta fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a kan binciken 2021 ya nuna cewa irin waɗannan sana'o'i sun kusa miliyan 40 a Nijeriya, kuma mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai, na mutum ɗaya ko na gida ɗaya. Da su ne iyayen akasarin yaran da malami zai koyar suke ci da iyali, kuma a cikinsu ne da yawa daga yaran za su nemi abinci idan sun bar makaranta. Ana fatan a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bambancewa tsakanin ciniki da riba, ya fitar da lissafin ƙaramar sana'a daga sari zuwa sayarwa, ya kuma bayyana matsayin bashi da adashi da amana a kasuwancin Bahaushe.

Kalmomin ciniki

Harshen Hausa yana da yalwar kalmomin kasuwa, kuma kowace kalma tana ɗauke da wani ilimi. Jari shi ne dukiyar da aka keɓe domin a juya ta. Sari shi ne sayen kaya da yawa domin a sayar da kaɗan-kaɗan, kiri kuwa sayarwar kaɗan-kaɗan ɗin ce, musamman ta yawo. Mai saye yakan yi tayi, mai kaya ya ce "albarka" idan tayin bai kai ba, ko ya sallama idan ya kai. Abin da aka ɗora wa mai saye a kan awo shi ne gyara, abin da dillali yake samu kuma la'ada. Idan mai kaya ya sayar ƙasa da yadda ya saro, ya faɗi. Idan faɗuwa ta yi ta maimaituwa har ya kasa komawa sari, sai a ce ya karye.

Kalmar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce uwar kuɗi. Bahaushe ya ɗauki jari a matsayin uwa, riba kuma 'ya'yan da take haifarwa. Mai akuya yakan sayar da ɗan akuya ya yi hidimarsa, amma ran da ya kai uwar kasuwa, kiwo ya ƙare. Yawancin masu ƙananan sana'o'i da suke karyewa ba da gangan suke cin uwar kuɗi ba. Suna ci ne a kan zaton riba suke ci, domin kuɗin ciniki da suke shiga hannu duk kala ɗaya ne, babu tambarin da yake nuna wannan naira uwa ce, waccan 'ya ce. Lissafi ne kaɗai yake raba su.

Lissafin mai ƙuli-ƙuli

Domin a ga yadda abin yake faruwa, za a ɗauki misalin sana'ar matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, wadda mata da yawa suke yi a cikin gidajensu a birane da ƙauyukan ƙasar Hausa. Masaniyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta kuma wallafa littafinta a 1972, ta jawo hankalin masana ga irin wannan ciniki na cikin gida, wanda ba a ganin sa a kasuwa amma yana juya dukiya mai yawa. Alƙaluman da za a kawo a nan na misali ne kurum, domin farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari, daga wata zuwa wata.

A ƙaddara wata mai ƙuli ta aika an sayo mata gyaɗa tiya goma, kowace tiya a kan naira 3,000. Ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta kai inji aka markaɗa, ta matse mai, ta mulmula tunkuza ta soya ƙuli. Abin da ta kashe shi ne:

Gyaɗa tiya goma: N30,000
Markaɗe: N2,000
Itace: N1,500
Gishiri da yaji: N500
Kuɗin mota: N1,000
Leda da robobin zuba mai: N1,000
Jimla: N36,000

Ta sayar da mai a kan naira 27,000, ƙuli kuma a kan naira 15,000, cinikinta ya kama naira 42,000. Idan aka cire abin da ta kashe, saura naira 6,000. A wajenta wannan ita ce riba, don haka sai ta cire ta, ta cika kuɗin cefane, ta kai gudummawar suna, ta saya wa yaro takalmi.

Akwai abubuwa biyu da wannan lissafi ya tsallake. Daga cikin naira 42,000 ɗin nan, akwai naira 4,000 da suke hannun maƙwabta waɗanda suka karɓi mai da alkawarin biya ƙarshen wata. Ke nan abin da ya shigo hannunta naira 38,000 ne, kuma bayan ta cire 6,000 saura 32,000. Sa'annan ranar kasuwa ta zagayo, ɗan aike ya dawo da labarin cewa tiya ta koma naira 3,300. Aikin da ta yi da naira 36,000 a makon jiya, yau sai da 39,000. Da abin da ya rage mata, da ƙyar za ta sayi tiya takwas. Ba ta yi ɓarna ba, ba a yi mata sata ba, mai da ƙuli kuma duk sun ƙare, amma jarinta ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa biyar a mako guda. Idan aka yi haka sau huɗu ko biyar, sai a ji ta ce sana'ar ba ta da albarka.

Ribarta ta gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an ware kuɗin da za su sake sayo daidai kayan da aka sayar, a farashin yau. Wato naira 42,000 a cire 39,000, saura 3,000, kuma ko ita ba ta zama tata ba sai maƙwabta sun biya. Har yanzu ba a sa ladan wahalarta ta kwana biyu a gaban wuta ba, ba a kuma sa lalacewar kasko da turmi ba, waɗanda wata rana dole a sabunta su.

Wannan ƙa'ida ta auna riba da farashin mayar da kaya ta ƙara muhimmanci tun daga 2023. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Zuwa Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, ma'ana abin da aka saya naira 100 a ƙarshen 2023 ya kai wajen naira 135 bayan shekara ɗaya. A irin wannan yanayi, ɗan tiredan da ya riƙe tsohon farashi domin kunyar abokan ciniki, yana raba musu jarinsa ne bai sani ba. Mutane sukan yi ƙorafi idan suka ga mai shago ya ƙara kuɗin kayan da ya saro tun watan jiya, kuma akwai 'yan kasuwar da suke fakewa da hakan su yi zalunci. Sai dai ƙarin da bai wuce abin da zai mayar da kaya kan kanta ba, kare sana'a ne daga mutuwa.

Aljihu biyu da littafi ɗaya

Maganin cin uwar kuɗi yana da sauƙin faɗi, yana da wuyar yi. Abin da ake bukata shi ne mai sana'a ya raba kuɗin sana'a da kuɗin gida, ya kuma yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka a rana ko a mako, kamar yadda zai yanka wa yaron da ya ɗauka aiki. Abin da ya ɗauka shi ne na cefane da biki da taimakon 'yan'uwa. Abin da ya rage a cikin sana'a ba nasa ba ne sai an yi lissafi. Haka ma kayan shago: mai tiredan da ya ɗebi sukari ko sabulu ya kai gida, ya kamata ya biya daga aljihunsa, ko aƙalla ya rubuta.

Wuyar abin tana cikin zamantakewa. Al'adar Bahaushe ta ginu a kan zumunci, kuma wanda aka ga yana juya kuɗi, shi ake fara tunawa idan an kwantar da wani a asibiti ko an sa ranar biki. Babu mai hankalin da zai ce a yanke zumunci domin sana'a. Amma wanda ya yanka wa kansa rabo ya san iyakar abin da zai iya bayarwa, kuma zai iya bayarwa bana ya sake bayarwa baɗi. Wanda ya zura hannu cikin jari ya bayar, sau ɗaya zai yi, daga baya shi ma ya shiga sahun masu neman taimako.

Littafin lissafi ba ya bukatar ilimi mai zurfi. Ƙaramin littafin makaranta ya isa, a raba kowane shafi gida uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da yake hannun mutane. Wanda bai iya boko ba zai iya rubutawa da ajami, kamar yadda 'yan kasuwar Hausa suka daɗe suna yi. Matar da ba ta iya ko ɗaya ba, ɗanta ɗan aji biyar zai iya rubuta mata kowane dare, kuma wannan hanya ce mai kyau ta sa yaro ya ga amfanin lissafin da yake koyo. A ƙarshen kowane wata sai a ƙirga kayan da suka rage, a ƙimanta su, a haɗa da tsabar kuɗi da bashin da ake sa ran za a biya, a cire bashin da ake bin mai sana'ar. Abin da ya fito shi ne jari. Idan aka kwatanta shi da na watan jiya, za a san ko gaba ake yi ko baya. Wanda jarinsa ya kai nisabi ma dole ya yi irin wannan ƙirga kafin ya fitar da zakkar kayan ciniki, wadda take kashi ɗaya bisa arba'in.

Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babu ɗan kasuwar da zai zauna a unguwa ya ce ba ya ba da bashi ko kaɗan, domin ma'aikaci sai ƙarshen wata, manomi kuma sai kaka. Kasuwancin Hausawa na nesa ma a kan bashi ya ginu. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa sakamakonsa a 1969, ya nuna yadda fataken shanu daga Arewa suke sauka a gidan maigida, a sayar da shanunsu bashi ga mahautan gari, maigidan kuma ya tsaya a matsayin lamuni. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya baƙonsa. Abin lura a nan shi ne, wannan bashi ba a ba da shi da ka. Maigida da dillalansa sun san kowane mahauci, sun san iyakar abin da zai iya ɗauka, sun san ranar biya, kuma wanda ya saɓa alkawari labarinsa yakan bazu a kara har ya rasa mai sallama masa. Amana ce, amma amana mai tsaro.

Bashin unguwa kuwa galibi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Ana ba da shi ne don kunya, ba a rubutawa, ba a sa rana, kuma mai bayarwa yakan ji nauyin tambaya. Mai ƙaramar sana'a zai rage asara idan ya ƙayyade jimlar abin da zai bari a hannun mutane, yadda ko da duk sun makara zai iya komawa sari. Zai kuma amfana idan ya riƙe ƙa'idar cewa ba a ɗora sabon bashi a kan tsoho. Rubuta bashi a gaban mai karɓa ba cin fuska ba ne, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sa masa lokaci da kafa shaidu take magana. Sau da yawa ma rashin rubutun ne yake ɓata zumunci, idan wannan ya ce dubu uku ne, wancan ya ce dubu biyu.

Inda ake samun jari

Hanya mafi tsufa ita ce tari a asusu, sai kuma adashi. A adashi mutane sukan haɗu su riƙa zubi a hannun uwar adashi kullum ko mako-mako, kowa ya kwasa idan layinsa ya zo. Amfaninsa shi ne yana tilasta tari, babu kuɗin ruwa, kuma yana mayar da 'yan canji su zama dunƙulallen kuɗin da za a iya sayen injin markaɗe ko keken ɗinki da su. Haɗarinsa biyu ne. Uwar adashi ko wani mai zubi yana iya cin amana, sa'annan a lokacin tsadar kaya wanda ya kwasa a ƙarshe yakan karɓi kuɗin da darajarsu ta ragu. Saboda haka gajeren adashi tsakanin mutanen da suka san juna ya fi dogo tsakanin baƙi.

Hanya ta biyu ita ce ta maigida da yaronsa, wadda har yanzu take aiki a Kantin Kwari da Singa da Dawanau a Kano, da sauran manyan kasuwanni. Yaro yakan yi shekaru yana tsaron shago, yana rakiyar kaya, yana koyon farashi da halayen mutane. Idan maigida ya gamsu da shi sai ya yaye shi, ko dai ya ba shi jari, ko ya riƙa ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Abin da yaron yake fita da shi ya fi kuɗi, domin ya fita da sanin kaya da sunan maigidansa, wanda zai sa wasu su yarda su ba shi kaya ba tare da ko sisi ba. Kusa da wannan akwai yarjejeniyar da malaman fiƙihu suke kira ƙiradi ko mudaraba, inda wani yake kawo kuɗi, wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko. Idan an faɗi ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa.

Akwai kuma hanyoyin zamani. A 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin ƙananan bankunan ba da rance, waɗanda suka maye gurbin bankunan al'umma. A 2012 bankin Jaiz ya fara aiki a matsayin bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, daga baya wasu suka biyo. Ko wace hanya aka bi, tambayar da ya kamata mai sana'a ya yi wa kansa ita ce ko abin da zai saya da rancen zai haifar da abin da ya fi wanda zai biya, kuma ko zai haifar kafin ranar biya. Rancen da aka karɓa da sunan sana'a aka yi kayan ɗaki da shi, sana'ar ce za ta biya, kuma da uwar kuɗi za ta biya. Ya kamata a yi hattara da masu ba da rance ta wayar hannu, domin kuɗin ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma a 2022 sai da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya ta ɗauki mataki a kan wasunsu saboda tozarta waɗanda suka makara ta hanyar aika saƙonni ga 'yan'uwa da abokansu.

Faɗaɗa sana'a

Sana'a takan isa faɗaɗawa idan kaya suna ƙarewa alhali masu saye suna nan, kuma littafi ya nuna jari yana ƙaruwa watanni a jere. Ga mai ƙuli, matakin farko mai ma'ana shi ne sayen gyaɗa da kaka lokacin da take araha, a adana domin bazara da damina. Sai dai ajiya tana da sharaɗi. Dole gyaɗa ta bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako nesa da danshi, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Kuma bai kamata a zuba duk jari a cikin ajiya ba har a rasa na markaɗe da itace. Mataki na gaba shi ne neman masu sari na dindindin, kamar masu tsire da balangu waɗanda suke bukatar garin ƙuli kullum, da masu abinci waɗanda suke bukatar mai. Abokin ciniki ɗaya da yake dawowa kowane mako ya fi goma na wucewa, kuma abin da yake riƙe shi shi ne ya sami kaya iri ɗaya da awo iri ɗaya duk zuwa. Wadda ta fara surka mai ko danne gindin mudu ta sami ƙarin naira ɗari yau, ta rasa mai sayen shekara.

Tarihin Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, yana nuna wata fuskar faɗaɗawa. Ya fito daga zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro daga Gwanja a ayari, tafiyar watanni da jakuna ƙarƙashin madugu. A farkon ƙarni na 20 ya koma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe daga 1912, sai ya shiga sayen gyaɗa, ya zama babban wakilin kamfanin Turawa, yana raba kuɗi ga yaransa su shiga ƙauyuka su sayo. Bai yi tsalle zuwa abin da bai sani ba. Sanin hanya da sanin mutane da amanar yara da ya tara a fataucin goro, su ya ɗora a kan sabon kaya. Mai ƙaramar sana'a ma ya fi samun nasara idan ya ƙara abin da yake maƙwabtaka da sana'arsa, kamar mai ƙuli ta ƙara yajin ƙuli ko tunkuzar miya, a kan ya kwashi jari ya faɗa wata harka don ya ji ana samu.

Idan sana'a ta fara fita daga unguwa, sai hukuma ta shigo ciki. Wanda yake son yin ciniki da wani suna da ba nasa na yanka ba, doka ta ce ya yi rajistar sunan a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, kuma da takardar ne zai buɗe asusun banki da sunan sana'a. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kuma ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Abincin da aka ƙulle aka sa masa tambari domin sayarwa a kantuna yana bukatar lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Asusun banki shi ma ya zama kayan aiki. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi, masu sana'ar da suke iya karɓar kuɗi ta waya sun ci gaba da ciniki, waɗanda ba su da asusu kuwa suka zauna da kayansu ko suka ba da bashi dole. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ita ma ta nuna haɗarin tara kaya da tsabar kuɗi da littafin bashi duk a rumfa ɗaya.

Malami da wannan darasi

Malamai da yawa sukan yi tunanin haɗa koyarwa da wata sana'a, don haka yana da kyau ɗalibi ya san matsayin doka. Jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Ko da babu wannan doka, malamin da ya bar aji ya tafi tsaron shago ya ci amanar yara.

Wani abin da malami zai tarar shi ne talla. Sana'ar cikin gida ta daɗe tana dogara da yara, musamman 'yan mata, wajen kai kaya kasuwa, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Faɗa da iyaye ba ya cika hana talla, domin uwar da ta dogara da cinikin tana ganin abincin gidan ne ake son a taɓa. Malamin da ya fahimci lissafin sana'ar zai iya nuna mata cewa sayar wa mai tsire ko mai shago a dunƙule, ko da an ɗan rage farashi, yakan fi tallan yarinya riba idan aka haɗa da abin da yake zubewa da wanda ake cinyewa da canjin da yake ɓacewa a hanya.

Wajen koyarwa kuwa, darasin yana haɗa harshe da al'ada da lissafi. Ana iya shirya kasuwar wasa a aji, wasu yara su zama masu kaya, wasu masu saye, wani dillali, a yi tayi da albarka da sallamawa, daga ƙarshe kowane mai kaya ya fitar da uwar kuɗinsa da ribarsa a kan allo.

Aikin yi

1. Ɗalibi ya ziyarci mai wata ƙaramar sana'a a unguwarsu, ya nemi izininsa, ya rubuto kalmomin sana'ar guda ashirin da ma'anoninsu, tare da duk abin da ake kashewa a zagaye ɗaya na aiki.

2. A misalin mai ƙuli, a ƙaddara tiyar gyaɗa ta sauko zuwa naira 2,800 a maimakon ta hau, maƙwabta kuma sun biya rabin bashinsu. Nawa za ta iya cirewa ba tare da ta taɓa kuɗin sarin tiya goma ba?

3. A tattauna a aji: mene ne ya sa bashin kara a Sabo ta Ibadan yake dawowa, bashin unguwa kuma yake maƙalewa?